Kallon Fina-finai Ta Intanet: Haya Muke Biya, Kuma Mai Gida Bai Gama Ƙari Ba

A farkon shekarar 2024, duk wanda yake kallon Netflix a Nijeriya a kan tsarinsa mafi tsada yana biyan N4,400 ne a wata. A watan Afrilun wannan shekara aka mayar da kuɗin N5,000, a watan Yuli aka kai shi N7,000, sa'annan a watan Yunin 2025 ya koma N8,500. Wato ke nan cikin watanni 15 kuɗin ya kusa ninka kansa. Kamfanin MultiChoice mai DStv, wanda shi ta tauraron ɗan Adam yake aiko da shirye-shiryensa amma shi ma kuɗin wata yake karɓa, ya bi wannan sahu. Babban tsarin DStv ya tashi daga N24,500 a watan Mayun 2023 zuwa N29,500 a watan Nuwamba, ya koma N37,000 a watan Mayun 2024, ya kuma kai N44,500 a watan Maris na 2025. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 shi ne N70,000, za a ga cewa kuɗin kallon wata guda ya cinye fiye da kashi 60 cikin 100 na albashin ƙaramin ma'aikaci.

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan shafin kasuwanci da maganar kallon fim. Dalilai biyu ne suka sa muka ɗauko ta. Na farko, wannan kuɗi ya riga ya shiga jerin abubuwan da magidanta da yawa ke biya duk ƙarshen wata, kafaɗa da kafaɗa da kuɗin wuta da na makaranta, kuma ɗan kasuwa ya san cewa ƙaramin kashin da ke maimaituwa ya fi babban kashi na lokaci ɗaya cin jari. Na biyu, duk inda aka ga mai saye yana biya yana ƙorafi, to akwai wata kasuwa da ba a buɗe ba tukuna. Ra'ayina shi ne, abin da muke biya wa waɗannan kamfanoni haya ce, kuma alamu duka sun nuna za ta ci gaba da hawa. Dabarar ajiye fina-finai a kwamfutar gida, wadda ake ta yayatawa a ƙasashen Turai da Amurka, mafita ce mai ma'ana, amma fa ba za ta yi wa kowa amfani ba sai an sami mai sayar da halattaccen abin da za a ajiye. A nan ne nake ganin 'yan kasuwarmu suke da aiki.

Me ya kawo tsadar?

Domin a fahimci inda aka dosa, wajibi ne a koma Amurka, inda sana'ar ta samo asali. Kamfanin Netflix, wanda a da yake aika wa mutane faifan fim ta gidan waya, ya fara nuna fina-finai kai tsaye ta intanet a shekarar 2007. A shekarar 2011 kuɗin wata dala 7.99 ne. Da manyan kamfanonin shirya fina-finai suka ga irin jama'ar da yake tarawa, sai kowa ya janye kayansa ya buɗe nasa shagon. Kamfanin Disney ya buɗe Disney+ a watan Nuwamban 2019 a kan dala 6.99 a wata, farashin da kowa ya san bai kai abin da ake kashewa ba. A wancan zamani kuɗin ruwa a Amurka ya yi ƙasa ƙwarai, bashi ya yi araha, masu hannun jari kuma ba riba suke tambaya ba, yawan masu rajista suke ƙirgawa. Sabili da haka aka yi ta sayar da kaya ƙasa da kuɗinsa domin a kama kasuwa. A shekarar kuɗi ta 2022 kaɗai, sashen kallo ta intanet na Disney ya yi asarar kimanin dala biliyan 4.

A shekarar 2022 ɗin ce lissafi ya juya. A watan Maris Babban Bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, daga kusan sifiri har ya haura kashi 5 cikin 100 a shekarar 2023. A watan Afrilu kuma Netflix ya bayyana cewa masu rajistarsa sun ragu da 200,000 cikin wata uku, karo na farko a cikin fiye da shekara goma, kuma darajar hannun jarinsa ta faɗi da kusan kashi 35 cikin 100 a rana guda. Daga nan masu jari suka daina tambayar mutum nawa aka tara, suka koma tambayar nawa ake samu daga kowane mutum.

Hanyoyi uku kamfanonin suka bi wajen amsa wannan tambaya. Ta farko ita ce ƙarin farashi kai tsaye. Matsakaicin tsarin Netflix a Amurka ya kai dala 17.99 a watan Janairun 2025, shi kuwa Disney+ marar talla ya tashi daga dala 6.99 zuwa dala 18.99 a watan Oktoban 2025, cikin shekara shida. Ta biyu ita ce shigo da talla. Netflix, wanda ya daɗe yana alfahari da cewa ba ya katse wa mai kallo fim, ya buɗe tsari mai talla a watan Nuwamban 2022. Amazon kuwa a watan Janairun 2024 ya sanya talla a Prime Video ga dukkan masu rajistarsa na Amurka, ya ce wanda ba ya so ya ƙara dala 2.99 a wata. Ta uku ita ce hana aron lambar sirri tsakanin gidaje, wanda Netflix ya tsaurara a watan Mayun 2023. Dabarun sun ci. Netflix ya rufe shekarar 2024 da masu rajista fiye da miliyan 300, Disney ma ya fara ganin riba a wannan sashe a shekarar. Ɗan kasuwar da ya ƙara farashi, ciniki bai ragu ba, babu abin da zai hana shi sake ƙarawa.

Mu a Nijeriya muna da wani dalili na musamman a kan wannan, wato darajar Naira. Kafin a saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala tana kusan N460 a hukumance, don haka N4,400 ta kai kusan dala 9 da rabi. A tsakiyar 2025 dala tana wajen N1,550, wato N8,500 ba ta wuce dala 5 da rabi ba. Ma'anar wannan ita ce, mai kallo yana ganin an ninka masa kuɗi, shi kuwa kamfani a littafinsa yana ganin abin da yake samu ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100. Kamfanin da yake sayen haƙƙin fim da na ƙwallon ƙafa da dala, yake karɓar Naira, ba zai huta ba sai ya cike wannan giɓi. Duk wanda yake jiran farashi ya koma yadda yake a da, zai daɗe yana jira.

Kuɗi na hawa, gamsuwa na sauka

Da a ce ingancin kaya yana ƙaruwa tare da farashi, da ƙorafin bai kai haka ba. Binciken da kamfanin Deloitte ya fitar a shekarar 2025 ya nuna cewa mai rajista a Amurka yana biyan matsakaicin dala 69 a wata a kan kamfanoni huɗu, alhali dala 61 yake biya a shekarar da ta gabata, kuma kashi 41 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ce abin da ake nuna masu bai kai kuɗinsa ba. Dalilin a fili yake. Abin da ya jawo mutane tun farko shi ne samun kome a wuri guda, da araha, ba tare da talla ba. Yanzu kayan sun warwatsu a shaguna da yawa, kowane da kuɗinsa, talla kuma ta dawo.

Daɗin daɗawa, abin da mutum ya gani yau ba lallai ne ya same shi gobe ba. A watan Mayun 2023 Disney ya cire shirye-shirye masu yawa daga Disney+ da Hulu, ya kuma rubuta asarar dala biliyan 1.5 a kansu, domin a lissafinsa ajiye su ya fi cire su tsada. Kamfanin Warner Bros. Discovery ya yi makamancin haka a shekarar 2022, har ma ya jingine fim ɗin Batgirl da aka kashe wa kimanin dala miliyan 90 ba tare da an fitar da shi ba. Hatta wanda ya danna maɓallin saye ya biya kuɗi bai tsira ba. A watan Disamban 2023 kamfanin Sony ya sanar da masu PlayStation cewa zai goge wasu shirye-shiryen Discovery da suka riga suka saya, saboda yarjejeniyarsa da mai kayan ta ƙare. Daga baya an sasanta, ba a goge ba, amma darasin ya fito. Wannan ne ya sa jihar Kalifoniya ta yi doka a shekarar 2024 wadda ta tilasta wa masu sayar da irin waɗannan kaya su bayyana wa mai saye cewa izinin kallo ya biya, kayan ba su zama nasa ba. Hausawa sun daɗe da cewa zanen aro ba ya rufe katara.

A gida Nijeriya kuwa, alkawarin da aka yi wa masu shirya fina-finai da masu kallo shi ma ya ja da baya. Netflix ya shigo ƙasar nan a watan Janairun 2016, kuma bisa rahoton da shi kansa ya fitar a 2023, ya zuba kimanin dala miliyan 23 a fina-finan Nijeriya daga 2016 zuwa 2022, yayin da ya zuba dala miliyan 125 a Afirka ta Kudu. Amazon ya buɗe Prime Video na Nijeriya a watan Agustan 2022, amma a watan Janairun 2024 ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin fina-finai a nahiyar Afirka. Kamfanin iROKOtv, wanda Jason Njoku ya kafa a 2011, tun a shekarar 2020 ya rage ma'aikata ya karkata ga masu kallo na ƙetare, waɗanda suke biya da dala da fam. MultiChoice kuwa ya bayyana cewa ya rasa masu rajista miliyan 1.4 a Nijeriya cikin shekara biyu zuwa watan Maris na 2025, kafin kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓe ragamarsa a watan Satumban wannan shekara. Mutum miliyan 1.4 ba su daina kallo ba. Wani wuri suka koma.

Akwai kuma kuɗin da ba a cika lissafawa ba, wato na data. Netflix da kansa ya ce kallon awa ɗaya yana cin kimanin gigabait 1 a hoto na yau da kullum, ya kai gigabait 3 a hoto mai kyau, har gigabait 7 a mafi kyawu. Gidan da ake kallon awa biyu kowane dare a hoto mai kyau zai iya ƙona gigabait 180 a wata. Kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a farashinsu. A gidaje da yawa kuɗin data ya zarce kuɗin rajistar kansa. Abin takaici shi ne, idan yara suka kalli shiri ɗaya sau goma, sau goma ake biyan kuɗin ɗaukowa.

Rumbu a cikin gida

Wannan batu na maimaita biya shi ne ya haifar da dabarar da muka ambata a farko. Bayaninta ba shi da wuya. Mutum zai sami kwamfuta guda, ko da tsohuwa ce, ko ƙarama irin Raspberry Pi wadda ba ta fi tafin hannu ba, ya haɗa mata faifan ajiya mai faɗi, ya zuba fina-finansa da wa'azozinsa da waƙoƙinsa da hotunan iyali a ciki. Sai ya sanya mata manhajar da za ta jera su, ta sa wa kowane suna da hoto, ta kuma riƙa aika su zuwa talabijin da wayoyin gidan ta na'urar rarraba intanet ta cikin gida. Mai kallo zai ga allo irin wanda ya saba gani a Netflix, sai dai kayan nasa ne, kuma muddin yana cikin gidan, fim ɗin daga ɗaki zuwa ɗaki yake tafiya, ba ya cin data. A taƙaice rumbu ne: an zuba sau ɗaya, ana ɗiba a hankali.

Manhajoji uku ne suka fi suna a wannan aiki. Akwai Kodi, wadda ta fi tsufa kuma kyauta ce. Akwai Plex, ta kamfani ce, ta fi sauƙin sarrafawa. Sai Jellyfin, wadda masu aikin sa kai suka ɓalle da ita daga manhajar Emby a watan Disamban 2018, kyauta ce, kuma ba ta buƙatar mutum ya yi rajista da kowane kamfani. Bambancin da ke tsakaninsu ya fito fili a watan Afrilun 2025, lokacin da Plex ya ɗaga kuɗinsa na biya sau ɗaya daga dala 119.99 zuwa dala 249.99, ya kuma daina bari a kalli rumbun gida daga nesa kyauta. Wato ke nan wanda ya gudu daga haya, in bai duba da kyau ba, sai ya tarar da wani mai gidan yana jiransa a ƙofar rumbunsa.

Lissafin kuɗin yana da sauƙin bi. Ƙaramar kwamfutar da take cin wat 10, idan aka bar ta a kunne dare da rana, za ta sha yunit 7 da ɗan kai a wata. Ko da a farashin N225 da aka sanya wa masu layin wuta na Band A a watan Afrilun 2024, kuɗin bai wuce N1,700 ba, kuma ƙaramin batir ko sola zai iya riƙe ta idan an ɗauke wuta. Faifai mai terabait 1 zai ɗauki fim kimanin 500 idan kowane yana da gigabait 2. A ɗauka, alal misali, mutum ya kashe N150,000 wajen haɗa kayan, ya kuma rage N15,000 a wata daga kuɗin rajista da na data. Cikin wata goma kuɗinsa ya dawo. Kowa sai ya sa nasa alƙaluman ya gani, domin ƙa'idar ɗaya ce da ta mai tunanin sayen shago maimakon haya: a raba kuɗin saye da abin da ake ragewa duk wata, a ga tsawon lokacin da jari zai dawo.

Amma kada a ruɗi mai karatu. Rumbu yana da nasa wahalhalu. Faifan ajiya yana mutuwa, musamman a inda wuta ke zuwa da ƙarfi ta koma ba sallama, kuma wanda bai ajiye kwafi na biyu a wani faifan ba, wata rana zai wayi gari ba kome. Ana buƙatar wanda ya san kan na'ura ya kafa ta, ya kuma riƙa duba ta. Idan aka buɗe ta domin a kalla daga wajen gida ba tare da kariya ba, an buɗe wa ɓarayin intanet ƙofa. Sa'annan rumbu ba ya kawo wasan ƙwallo kai tsaye, ba ya kawo labarai, ba ya kawo shirin da ya fito daren jiya. Wanda ƙwallo ce ta sa yake biyan kuɗin wata, wannan dabara ba za ta raba shi da biya ba. Amfaninta yana ga abin da ake maimaita kallo: shirye-shiryen yara, darussan makaranta, karatuttuka, tsofaffin fina-finai, da bidiyon biki da suna na iyali.

Me za a zuba a ciki?

Ga tambayar da masu yayata wannan dabara ba su cika son amsawa ba. Manhajar halal ce, kwamfutar halal ce, amma daga ina fina-finan za su fito? A Turai da Amurka amsar da ake bayarwa ita ce a sayi faifan fim a kwafe shi, alhali ita ma wannan kasuwa tana mutuwa. Netflix ya rufe sashensa na aika faifai a watan Satumban 2023, babban kantin Best Buy kuma ya daina sayar da su a farkon 2024. Fim ɗin da aka saya ta intanet kuwa yana zuwa ne a kulle, ba ya buɗuwa sai a manhajar wanda ya sayar. Gaskiyar magana ita ce, rumbuna da yawa da kayan sata aka cika su. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta rarraba aikin wani ta intanet ba da izininsa ba, ta kuma haramta fasa makullin da aka sa wa aikin. Mai otal ko gidan abinci ko motar safa da yake tunanin haɗa rumbu domin baƙinsa ya sani cewa nuna wa jama'a yana buƙatar lasisi daga mai kayan, kamar yadda rajistar Netflix ta gida ba ta ba shi izinin nuna wa kwastomomi ba.

Abin lura shi ne, mu wannan tsari na mallaka ba baƙo ba ne a gare mu. Da shi aka gina sana'ar fim ɗin Hausa. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a shekarar 1990, furodusa yana kai fim kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, dillalai su buga kaset, daga baya faifai, a rarraba har Agege da Sabon Ibadan da Yamai da Kumasi. Mai saye ya biya sau ɗaya, kaset ya zama nasa. Ni kaina na tashi na tarar da kabad cike da kaset a falon mahaifina, kuma har yau suna nan, ko da yake na'urar kunna su ta daɗe da lalacewa. Da wayoyin zamani suka yawaita, kasuwar faifai ta rushe, sai masu tura fina-finai suka maye gurbinta. Mutum ya miƙa waya ko memori, a zuba masa, ya biya 'yan kuɗi kaɗan ya tafi. Idan aka duba da kyau, mai tura fina-finai na bakin kasuwa rumbu yake da shi, irin wanda Turawa suke ɗokin haɗawa yanzu, kuma ya gano tun da wuri cewa talaka ya fi son ya biya sau ɗaya ya riƙe abinsa. Illar ita ce, a galibin lokuta kuɗin ba ya isa hannun wanda ya shirya fim ɗin.

Furodusoshi da yawa sun tsere zuwa YouTube, inda shirye-shirye masu dogon zango irin Izzar So da Labarina suka tara masu kallo. An kuma yi yunƙurin kafa dandalin biya na gida, kamar Northflix. Sai dai YouTube ma gidan haya ne. Shi yake yanke rabon kuɗin talla, shi yake iya rufe tasha, kuma tallar da ake nuna wa mai kallo a Nijeriya ba ta biyan abin da ta Amurka ko Ingila take biya. Mai kallo yana ƙona data, furodusa yana karɓar abin da aka ga damar ba shi, su biyun kuma babu mai ikon cewa kome.

Ga giɓin da nake magana a kai. A gefe guda akwai miliyoyin mutanen da suka saba biyan kuɗi domin a zuba masu fim su riƙe. A ɗaya gefen akwai masu shirya fim da ba su da inda za su sayar da kwafi. Babu wanda ya haɗa su ta hanyar da doka ta yarda da ita kuma ta wadatar. Za a ce ai da an sayar wa mutum ɗaya zai tura wa ɗari. Haka masu sana'ar waƙa suka riƙa faɗa a Amurka, har kamfanin Apple ya cire makulli daga waƙoƙin da yake sayarwa a shekarar 2009, kuma ciniki bai tsaya ba. Mutum yana biyan halattaccen kaya idan farashinsa bai fi na sata da nisa ba, ingancinsa ya fi, samunsa kuma ya fi sauƙi. Satar ba za ta ƙare ba, amma a halin yanzu furodusa ba ya samun ko kwabo daga wannan kasuwa, don haka duk abin da ya shigo ƙari ne.

Abin da ya kamata a yi

Ga magidanci, shawarata ita ce ya zauna da takarda ya rubuta duk rajistar da ake cire masa duk wata, haɗe da kuɗin data, ya ninka da 12. N8,500 a wata N102,000 ce a shekara, N44,500 kuwa N534,000 ce. Sa'annan ya raba abin da gidansa ke kallo gida biyu: wanda ake kallo sau ɗaya, da wanda ake maimaitawa. Na farko ya ci gaba da hayarsa, amma kamfani ɗaya a lokaci ɗaya, ya soke idan ya gama, tun da babu yarjejeniyar shekara da ta ɗaure shi. Na biyu ya nemi mallakarsa ta hanyar da ta dace. Makarantu da kamfanoni da suke da nasu bidiyon koyarwa su ne suka fi kowa cancantar haɗa rumbu, domin kayan nasu ne, babu maganar izini, kuma za su daina biyan data a kan abin da yake cikin harabarsu.

Ga masu shirya fina-finai da ƙungiyoyinsu, lokaci ya yi da za su ɗauki masu tura fina-finai a matsayin dillalai, kamar yadda aka ɗauki na Ƙofar Wambai a da. A ba su lasisi da kwafi mai kyau, a yanke abin da za su biya a kan kowane fim ko kowane wata, a karɓa ta banki domin a sami lissafi. Tsofaffin fina-finan da suke kwance a kaset suna ruɓewa su ma dukiya ce, idan an mayar da su na kwamfuta an tantance masu haƙƙinsu. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana da rawar takawa wajen fito da tsarin lasisi mai sauƙi da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya cikawa, domin kame kaɗai bai taɓa hana wannan sana'a ba.

Ga matasanmu masu gyaran waya da kwamfuta a Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba da Farm Centre ta Kano kuwa, haɗa rumbu da kula da shi sana'a ce da ba ta buƙatar babban jari: tsohuwar kwamfuta, faifai biyu, batir, da sanin yadda ake kafa manhajar. Wanda ya fara, ya kuma tsaya a kan halattattun kaya, shi ne makarantu da otal-otal za su nema.

Kamfanonin ƙetare ba su yi wani abin mamaki ba. Sun sayar da araha lokacin da bashi yake da araha, sun kuma ɗaga farashi da masu jari suka nemi riba, kuma za su sake ɗagawa duk lokacin da Naira ta motsa. Ba mu da ta cewa a kan wannan. Abin da yake hannunmu shi ne mu san nawa muke biya a shekara, mu rage hayar abin da za mu iya mallaka, sa'annan mu gyara hanyar da kuɗin mai kallo na gida zai isa ga mai shirya fim na gida. Masu saye suna nan, sun kuma nuna shekara da shekaru cewa za su biya. Saura mai sayarwa.